Kwamfutocin da Kawu Ya Adana

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, irin mutanen nan ne da in ka ba shi aron biro zai dawo maka da shi da murfinsa, har ya goge maka shi. A gidansa na tashi, kuma a makarantar firamaren da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi nake koyarwa yanzu. Rediyonsa har ta tsufa tana cikin ledar da aka sayo ta. Matarsa takan ce da yana da hali, ita ma a leda zai sa ta ya ɗora a kan kabad.

Shi ya sa da hukumar ilimi ta yankinmu ta raba wa makarantu ƙananan kwamfutocin hannu domin yara, hedimasta bai yi wani dogon tunani ba ya damƙa wa Kawu makullin ɗakin. "Malam, amana ce," in ji shi. "Ko ɗaya ta fashe, ni da kai za a tambaya."

Wannan magana ita ta shiga kan Kawu ta zauna daram. Ya toshe ramin ɓera da siminti, ya sa matarsa ta ɗinka labule saboda rana. Kullum da safe sai ya kakkaɓe kwalayen ya mayar da su a jere. In malami ya nemi a buɗe wa ajinsa, sai ya ce, "A bari a turo mai horarwa tukuna." Mai horarwar kuwa sau ɗaya ya zo, ya yi surutunsa, aka ɗauki hoto, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yara suka sa wa Kawu suna Malam Makulli. Sukan yi cincirindo a taga suna leƙe, shi kuma ya ce musu, "Naku ne, ajiye muku nake yi." Har ga Allah haka ya yi imani.

Shekaru suka ja. Da aka ce masu bincike za su zo su duba yadda aka kashe kuɗin kayan da yadda ake amfani da su, duk makarantar Kawu ne kaɗai ya yi murna. Ya ji labarin makarantar da ke tsallaken titi, inda yara suka farfasa gilashin nasu. Ya goge rigarsa har sau biyu.

Wata mata ce mai tabarau ta jagoranci binciken. Ta duba kwalayen, komai cif. Kawu sai washe baki yake. Sai ta yage ledar ɗaya ta danna. Shiru. Ta jona ta a wuta, shiru. Ta juya bayanta, ashe ya kumbura. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka.

"Baba, wane aji ne ke amfani da su?" ta tambaye shi.

"Ai ba a taɓa su ba, 'yata. Sababbi ne fil."

Ta cire tabaraunta ta yi ƙasa da murya. "Batirinsu ba ya son ajiya, Baba. In aka daɗe ba a kunna ba, mutuwa yake yi. Gaba ɗayansu sun tafi."

Hedimasta, Allah ya shirye shi, nan take ya ce ai ya sha gaya wa Malam ya buɗe ɗakin. Ina tsaye a wurin, sai da na ciji leɓe don kada in yi rashin kunya. Hukunci ya fito daga baya: makarantar masu fasassun gilashi an yaba mata an ƙara mata sababbi, tamu an cire ta daga shirin, kuma mota za ta zo ta kwashe kayan.

Kawu ya yi ritaya a ƙarshen zangon, kuma har yau ba ya bin titin makarantar. Mutane sun ɗauka kunyar hukuncin ce. Ni dai na san abin da ya faru da safen da motar za ta zo ne ya karya shi, don ni ma in na tuna zuciyata ciwo take.

Ya wangale ƙofar ɗakin, ya ce in kira masa yara. Suka shigo a ɗarare, hannuwansu a baya. Shi da kansa ya riƙa yage ledojin yana danƙa wa kowa ɗaya. "Ku taɓa," yake cewa. "Ku danna duk inda kuke so." Suka yi ta danna baƙin gilashi, ba abin da suke gani sai fuskokinsu.

Wata yarinya 'yar aji shida, wadda tun tana aji biyu take leƙen tagar, ta ɗago kai. "Malam, yaushe za ta kama?"

"Ba za ta kama ba," ya ce. "Ni na kashe su."

Ba ta gane ba. Ta ja gefen rigarta ta goge shatin yatsunta daga gilashin tsaf, ta rusuna ta miƙa masa.

"Ga ta, Malam. Ban ɓata ta ba."