Agogo a Cikin Toka

Kakata Iya Hajo ta ɓata mini tatsuniya guda ɗaya fiye da sau talatin, kuma kullum a wuri ɗaya take ɓata ta: a ƙarshe.

A Madarunfa muka tashi, a gidan da bayansa ke kallon tabki. In sanyi ya kama, iskar da ke tasowa daga kan ruwa ba ta san katanga ba, don haka da an idar da magariba an ci tuwo sai Iya ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kuma mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Manya ma sukan matso da sunan jin ɗumi. Lokacinmu kaɗan ne, daga nan zuwa kiran lisha, shi ya sa ba ta dogon share fage. Takan ce ga ta nan ta kunno kai, mu ce ta ƙaraso muna zaune, shi ke nan an shiga.

Tana da na kura da na dila kamar kowace tsohuwa. Wadda ta hana ni sukuni ita ce ta Gambo Mai Sawu.

A wani gari, in ji ta, an ɗauke munduwar azurfa ta wata tsohuwa mai kaɗi, wadda ta gada wurin uwarta. Aka kira Gambo, mutumin da in ya dubi ƙasa sai ya gaya maka wanda ya wuce, da abin da ya ɗauko, da ko ya karya kumallo. Gambo ya durƙusa a ƙofar ɗakin, ya ce mai sawun nan ya shiga a hankali ya fito da sauri, diddigensa na hagu da kaushi, kuma ya tsaya sau biyu a hanya kamar zai koma. Ya bi sawu, gari na biye da shi, ta bayan masallaci, ta gindin tsamiya, har bakin wani lungu mai gida bakwai. Nan sai ya tsaya, ya tuɓe rigarsa, ya share sawun da ya rage tas. Ya ce gobe da safe duk mai rai a lungun nan ya ɗebo toka a ƙwarya, ya rufe da faifai, ya zaga bayan rumbu shi kaɗai ya juye. Aka yi haka. Da aka tankaɗe tarin tokar sai ga munduwa. Tsohuwa ta sa abinta, aka ba Gambo damin gero, Iya ta kakkaɓe zanenta ta ce nan ta tsaya, kowa ya nemi tabarmarsa.

Na yi shekaru ina shan wannan ban ga aibunta ba. Lakwal, wato makarantar boko, ita ce ta buɗe mini ido, ko ta tsone shi, ya danganta da wanda ka tambaya. Ina aji biyar, wajen ƙarshen shekarun sittin, malaminmu, wanda ba mu san shi da wani suna ba sai Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, ya samu akwatin littattafai da wani Bature mai duba gonakin gyaɗa ya bari da zai koma ƙasarsu. Ƙanana ne masu bango ruwan ɗorawa, gara ta ɗanɗana gefensu, tare da wasu mujallu na gajerun labarai. Duk na binciken kisa da sata ne. Mushe yakan ba wanda ya zo na ɗaya a dikte, wato shiftar Faransanci, aron guda na mako. Na daina kuskure a dikte, ba don ƙaunar Faransanci ba.

A cikinsu gidaje na da ɗaki ashirin, ruwan sama ba ya ɗaukewa, ana kashe attajiri a ɗakin karatunsa ƙofa a kulle ta ciki. Na sha wahala kafin in gane yadda ake hura wuta a jikin bango, da dalilin da zai sa mutum mai hannu biyu ya ajiye bara don buɗe ƙofa kawai. Amma ƙa'idar na gane ta nan take, ta kuma kwanta mini: marubuci ya ɗauki alkawari da kai. Zai ɓoye, zai yaudare ka, zai yi ta nuna maka mai lambu alhali likita ne. Sai dai a babi na ƙarshe mai binciken, da lofensa ko da gashin bakinsa, zai tara kowa a falo, ya jero hujja ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga yatsa, ya faɗi suna. Ka rufe littafi ka yi barci kamar wanda ya sauke kaya.

Da wannan ilimi na koma gindin wutar Iya. Da ta kai wurin munduwa ta kakkaɓe zane, na ce ai ba a gama ba, wa ya ɗauka?

"Wanda ya maido," in ji ta.

Na ce wannan ba amsa ba ce. Na bayyana mata yadda ƙasashen da suka ci gaba ke ƙarasa labari, da falo da yatsa da komai. Ta saurara tana ɓare gyaɗa. Sannan ta tambaye ni, bayan mai gashin bakin ya nuna mutum a gaban danginsa, washegari wa ke zuwa rijiya da wa? Na ce littafin a nan yake ƙarewa. Ta ce to ai shi ya sa. Su littafi ke ƙare musu, mu gari ke waye mana.

Tun ranar ta sauya mini suna. Da Maigida take kirana, yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza. Na koma Jandarma, wato ɗan sanda. Ban ji haushi ba, na ɗauka ƙarin girma ne. Na ware shafi a bayan kayena, wato littafin rubutuna na lissafi, ina rubuta hujjojin: kaushi a diddigen hagu, tsayawa sau biyu, gida bakwai. Nufina in kama ɓarawon da kaina tun da ita ta ƙi. Sai na gano sauya su take yi. Yau kaushi, jibi ɗingishi, wani makon yatsa shida. Gidajen lungun ma wata rana tara ne. Na kai mata ƙara da takarda a hannu, ta ce ita ba ta yi lakwal ba, Gambo kuma ya tsufa, idonsa ya fara hazo. Ban taɓa haɗuwa da shaidar da ta kai Iya raina kotu ba.

Da abin ya tsaya nan, da yau dariya kawai zan yi.

Mahaifina fataucin gyaɗa yake yi zuwa hayin iyaka, kuma a wata tafiya ya sayo agogon hannu a Katsina, mai sarƙar ƙarfe. Shi ne agogo na biyu a unguwarmu, na farkon kuwa ba ya tafiya. Ba ya cire shi sai zai yi alwala, ya rataya a ƙusar da ke jikin ginshiƙin rumfa. Wata Laraba da la'asar ya rataya, aka yi sallama da shi a waje, ya dawo ya tarar da ƙusa.

Baƙo bai shigo ba. Kowa ya san haka, shi ya sa ba wanda ya ɗaga murya. Mu goma sha ɗaya ne a gidan. Iya, wadda ba ta kama sunan mahaifina don ɗan farinta ne, ta aika a gaya wa "mai ƙusa" kada ya fitar da magana waje, gobe da safe za a zuba toka. Sai a lokacin na san ashe ba tatsuniya ce kawai ba, abu ne da ake yi tun kafin a haife ta.

Ni kuwa na ga ranar da nake jira. Kafin magariba na gama bincike. A ƙarƙashin rumfa akwai sawun takalmin taya mai tsaga a diddige, kuma Baba Isuhu, ƙanen mahaifina, shi ke da irinsa. Gonarsa ba ta yi kirki ba a shekarar, yana shirin tafiya cin rani Najeriya. Ya kuma taɓa ɗaura agogon a hannunsa yana dariya, yana tambaya ko ya yi masa kyau. Ga sawu, ga dalili, ga dama, duk abin da littafi ke nema. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Baba Isuhu na ratsa rumfar nan sau goma a yini, don ita ce hanyar ɗakinsa. Shi ne kuma ya koya mini iyo a tabki, shi ke kawo mini rake duk ranar kasuwa. Wannan bai dame ni ba. Littattafan sun riga sun gargaɗe ni cewa mai kirki ake fara tuhuma.

Bayan magariba wuta ta kama, kowa ya zo, har mahaifina, abin da bai saba ba. Iya ta ɗauko ta Gambo da gangan, tana ja a hankali, don wanda ya kamata ya ji ya ji cewa an bar masa ƙofa a buɗe. Tana kaiwa inda Gambo ya tuɓe riga sai na miƙe. Na tuna har hannu na goya a baya. Na ce ba sai an wahalar da toka ba. Na jero hujjojina ɗaya bayan ɗaya, da Hausa mai ƙamshin Faransanci, na ɗaga yatsa, na faɗi suna.

A littafi, nan ne mai laifi ke zabura ya nufi taga, ko ya fashe da kuka. Baba Isuhu bai yi ko ɗaya ba. Ya dube ni, sannan ya dubi wansa. Mahaifina kuwa, maimakon ya kwaɗa mini marin da zai gyara komai, sai ya sunkuyar da kai yana kallon wuta. Shirun bai wuce numfashi uku ba, amma kowa ya ƙirga shi. Baba Isuhu ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa a gefen tabarma, ya ce, "Yaya, sai da safe," ya tashi.

Ana idar da asuba ya bi kamyon farko, babbar motar kaya mai zuwa Ɗan Issa, da 'yar jakarsa, bai jira toka ba. Iya ta ce duk da haka a zuba. Mu goma muka ɗebo, muka rufe da faifai, muka zaga bayan rumbu ɗaya bayan ɗaya. Ita ta tankaɗe da hannunta. Agogo ya fito fari fat, yana tafiya abinsa.

Na yi shekaru ina juya wannan safiya. In Baba Isuhu ya tafi kafin a zuba, to ba shi ba ne. Amma matarsa Ladi ta zuba, kuma ƙwaryarta ta fi ta kowa cika, ko kuwa idona ne ya so ya ga haka. Akwai yayana Sani, da ya daɗe a bayan rumbu fiye da yadda juye toka ke bukata. Akwai ma mahaifina kansa, wanda ba mamaki ya tsinci agogon a aljihun wata riga kunya ta hana shi faɗi. Hujjar ta isa ta taɓa kowa, ba ta isa ta kama kowa ba.

Bayan kwana kaɗan na sami Iya ita kaɗai tana kaɗi. Na san ta sani. Matar da ta ga rarrafen kusan kowa a gidan ba ta bukatar sawu, tafiyar mutum da ƙwarya ta ishe ta. Na roƙe ta, wannan karon ba don littafi ba. Na ce in ta faɗi sunan, Baba Isuhu zai wanku ya dawo.

"Jandarma," ta ce, ba ta ko ɗago ba, "da ka bari an zuba toka, wa ke bukatar wanki? Agogo shi dawo, mutum goma sha ɗaya su ci tuwo. Yanzu ka ɓata mini ɗaya, kana so in ɓata na biyu in gyara maka. Duka ni na haihe su ko na goya su. Tashi ka ba ni wuri."

Ba ta ƙara yin ta Gambo ba. Ƙannena sun roƙa, ta ce ya mutu.

Baba Isuhu bai dawo da damina ba. Ya aiko aka kai masa Ladi da yara, ya zauna a Jibiya, tafiyar da ba ta kai yini ba, amma sai da ya shekara tara bai taka gidan ba. Rasuwar Iya ce ta kawo shi. Lokacin ni ma na zama mushe, da allina da sandata. Na same shi a gefen tabarmar makoki, na durƙusa, na fara jawabin da na yi shekaru ina haddacewa. Bai bari na kai rabi ba. Ya ce ni ai yaro ne a lokacin, yaro kuwa ba ya korar babba daga gidan ubansa.

"Ba kai na duba ba ran nan," ya ce. Can kuma ya yi murmushi. "To, Jandarma, an kama ɓarawon?"

Na ce ana nan ana bincike.

Na koyar shekara talatin da wani abu, kuma har yau ban daina karanta littattafan nan ba. Sun cinye mini kanta biyu. Ba zan yi ƙarya in ce na sallama wa Iya gaba ɗaya ba. Hanyarta na maido da kaya, ta bar mutum da tambaya har furfura, ni kuwa an halicce ni da son amsa. Abin da na gano dai shi ne marubutana ma suna da tasu tokar: sukan tara mutanen da ba za su sake cin abinci a kwano ɗaya ba, su nuna ɗaya, su rufe bango da sauri kafin gari ya waye. Gambo ya fi su iya karatun sawu, kuma ya san inda ake tuɓe riga. Ni rabin farko kawai na koya, shi ma ban iya ba.

Agogon yana hannuna yanzu, shi ne rabona a gadon mahaifina. Da ya tsaya na kai wa wani mai gyara a Maradi. Ya buɗe bayansa, ya duba da ɗan madubinsa, ya ce malam, akwai wata farar ƙura a nan kamar toka, ko in hure ta? Na ce ya bar ta. Ita kaɗai ce shaidar da ta rage wadda ta ga hannun da ya maido, kuma ita ma rainon Iya ce: shekara hamsin ke nan ba ta faɗi suna ba.