Ranar da aka ce ta tsallaka yarinyar

Bayan na faɗi bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, na zauna gida a Birni ina shirin sakewa. Filozofi, wato falsafa, ce ta kayar da ni, sai na nemi darussan mantiƙi a intanet, wato ilimin auna hujja. Akwai wani shafi da ke ba da bayani gajere, ya biyo da tambayoyi goma, ka amsa ya gaya maka inda ka kauce. Kullum da hantsi, in na gama wanke-wanke, nakan zauna a zaure da salula, don nan ne rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa.

A makon nan darasin kan magana ne wadda babu abin da zai iya ƙaryata ta. In abu ya faru, a ce ga shaida. In bai faru ba, a ce ga shaida. Na ci tara cikin goma.

Ina zaune sai na ji ihu a lungu. Wata tsohuwa ce daga garin Dogo mai kawo mana gyaɗa duk Alhamis. Ta shiga gidan maƙwabta ta sha ruwa, ta shafa kan ɗiyarsu ƴar shekara uku, tana fita yarinyar ta shiɗe. Kafin in sa hijabi an riga an kewaye tsohuwar. Tasarta na ƙasa, gyaɗa ta watse cikin rairayi.

"Mayya ce! Ta tsallaka ta, ta sake mata kurwa!"

An shimfiɗa yarinyar a tabarma bakin ƙofa. Haka ake yi wa wadda aka zarga da maita: a sa ta tsallaka wanda aka ce ta kama, wai don ta sake kurwarsa. Tsohuwar tana ta cewa, "Ƴaƴana, ku ji tsoron Allah, ni gyaɗa na kawo."

Na san yarinyar kwana uku take da zazzaɓi, uwarta ta aiko neman magani wurin innata. Na kuma ga yadda abin zai ƙare. In ta farfaɗo, za a ce mayyar ta sake ta. In ta mutu, za a ce ta ƙi sakinta.

Na faɗi haka. Muryata ba ta fita sosai ba, amma an ji.

Baffan yarinyar ya juyo, da faskare a hannunsa. "Ke ƴar lekol, ƴar boko, wa ya tambaye ki? Ko tare kuke ci?"

Wata ta yi dariya. Sauran suka zuba mini ido, irin kallon da suke yi wa tsohuwar. Mutanen da suka san ni tun ina goye. Sai innata ta zo ta fizge ni.

"Ku yi haƙuri, Malam, karatu ne ya yi mata yawa. Wuce ciki!"

Ta tagar zaure na ga sauran. Tsohuwar ta tattare zanenta ta tsallaka sau uku. Sannan aka tsai da kabu-kabu aka kai yarinyar gidan likita. Zazzaɓin sauro ne, aka yi mata allura, kwana biyu ta tashi.

A lungunmu an ce tsallakawar ce ta yi aiki. Tsohuwar ba ta sake shigowa Birni ba, an ce har Dogo labarin ya riga ta isa. Ni kuwa mata biyu sun daina aiko ƴaƴansu in yi musu kitso. In na ji an ɗaga murya a waje, har yanzu sai in tashi in sa sakata.