Kafson Kakata da Ƙafar Mahaifina

Jiya da hantsi wani kafso ya fashe a hannuna, garinsa ya zube a tafina, rawaya, mai ɗacin da hanci ke riga harshe ji. Sai kawai na zauna a bakin gado. Warin ya ɗauke ni ya mayar da ni ƙauyenmu da ke kan hanyar Baure, cikin ɗakin kakata, a daminar da mahaifina ya kusa rasa ƙafarsa.

Kakata, wadda ta haifi mahaifina, tana da wani tsohon gwangwanin madara da take ajiyewa a bayan tukunyar ruwanta. A cikinsa ake tara ragowar magani. Dokar gidanmu ce, duk wanda ya ji sauƙi ya daina sha, ya kai mata abin da ya rage. Takan ce wanda ya warke ya ci gaba da haɗiyar magani rabon wani yake ci. Matan unguwa sukan yi sallama da sassafe, wannan ɗanta yana gudawa, waccan kunnen 'yarta yana ruwa, ita kuma ta girgiza gwangwanin ta zaɓo musu. Wanda ta fi yarda da shi wani kafso ne mai rabi ja rabi rawaya. Takan buɗe shi ta barbaɗa a kan gyambo, ta jiƙa wa kaji idan suna gyangyaɗi, har ɗan maraƙi ta taɓa ɗura wa. Ni a lokacin gani nake babu mai tausayi a duniya kamarta, kuma har yau ban canza ra'ayi ba.

Mahaifina fataucin shanu yake yi. A farkon daminar nan, gero bai kai idon sawu ba, wani bijimi ya yage masa ƙwauri da ƙaho a kara, kasuwar shanu ta Mai'adua, suna ƙoƙarin loda shi a mota. A bayan babur aka kawo shi gida, yana dariya, ƙafar a ɗaure da rawaninsa.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da su biyun. Mahaifina ɗan fari ne, saboda haka kakata ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Alkunya ce irin ta mutanen da. Idan dole ta ambace shi, sai ta ce "yaron nan", shi da furfura ta fara fito masa a gemu. Don haka da aka shigo da shi ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsinkar zogalen da take yi. Sai da tsakar gida ta watse ta yafito ni, ta danƙa mini kafso a hannu.

"Ƙawata, kai wa uwarki. Ki ce a wanke da ruwan gishiri tukuna."

Da na kai, mahaifina ya ce, "Ki ce wa babbar likitar gidan nan mun gode. Nawa ne kuɗin kati?"

Na koma na faɗa mata. Ta ce, "Marar kunya," ta ci gaba da aikinta.

Duk mun ɗauka magana ta ƙare, domin kafson nan bai taɓa ba mu kunya ba. Amma ciwon bai kame ba. Bakinsa ya buɗe, fatar gefensa ta kumbura tana ƙyalli, idan ka kai hannu kusa sai ka ji zafi kamar gefen murhu. Wani wari ya fara fitowa daga ɗakin, wanda turaren wutar mahaifiyata ya kasa rufewa. Maza suna wucewa ta ƙofar gida da fartanya a kafaɗa, ana noman farko, shi kuma yana kwance yana jin muryoyinsu. Ya daina zolayata. Kakata ta ƙara yawan kafson, ta canza zuwa wani fari, ta koma kan na farko.

Tunda ba za ta shiga ɗakin ba, ni na zama idonta. Takan ce, "Je ki ga ko kajin nan sun shiga ɗakin can." Na san babu wasu kaji. In je in tsaya a bakin ƙofa in leƙa, in dawo. Ba za ta dube ni ba, sai dai ta ce, "To?" Ni kuma in ɗage zanena, in sa yatsa a ƙafata daidai inda kumburin ya kai a tasa. Kullum yatsan yana hawa. Ranar da na ɗora shi a ƙasan gwiwata, na ga hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwaryar da take gyaran wake. Tun daga ranar nake jin wurin yana yi mini zugi, ni da babu abin da ya same ni.

Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya samo mota aka kai shi asibiti a Daura. Aka tafi da ni don in riƙe wa mahaifiyata goyo. Likitar mace ce, mai sanyin murya. Ta kwance ƙafar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi abin da aka ba shi.

Mahaifiyata ta ce, "Kafso."

"Wane iri?"

"Duk wanda ke gida."

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta sa auduga a tsinke ta lakato ruwan ciwon, ta ce za su shuka shi a ɗakin gwaji su ga irin ƙwayoyin cutar da za su tsiro, da kuma maganin da har yanzu yake kashe su. Ta ce wa baffana a hankali, tana zaton ba na ji, idan kumburin ya haye gwiwa kafin a gano maganin, sai dai a yanke ƙafar a ceci mai ita. Na matse ƙanwata a bayana har ta yi kuka. Kalmar shuka ta tsaya mini a rai. Na riƙa ganin wata gona ƙarama a cikin ƙafar mahaifina, da wasu halittu da ido ba ya gani suna yaɗo a cikinta kamar kabewa.

Ana cikin jiran sakamakon sai ga kakata da rana tsaka, mayafinta ya jiƙe da yayyafi. Ta ce wai kanwa ta zo saye a kasuwa, ta ga ya kamata ta biyo ta ga jikarta. Ta zauna a gindin darbejiya a wajen ɗakin marasa lafiya. Can likitar ta fito, baffana ya ce mata ga mahaifiyar mai ciwon. Ta durƙusa ta gaishe ta. Kakata ta kwance bakin zanenta ta nuna mata kafson, ta ce, "'Yar nan, gaya mini gaskiya. Jabu aka sayar mana?"

"Ba lallai ba, Iya. Kin san idan aka yi noma aka tsaya a rabi, ciyawa mai taushi ce ke mutuwa, mai taurin saiwa ta tsira. Ita ce za ta zubar da iri. Baɗi gonar duk jikokinta ne. Haka ƙwayoyin cuta suke. Duk maganin da aka sha ba bisa ƙa'ida ba, yana kashe raunana ya bar wa masu taurin kai fili."

Kakata ta jujjuya kafson a hannunta. Ta ce, "Wato ni na yi kiwonsu."

"Ba ke kaɗai ba, Iya. Da masu shanu, da masu kemis, har da mu nan."

Kakata ta miƙe. Na ɗauka gida za ta tafi, sai na ga ta nufi ƙofar ɗakin. Na bi ta. Mahaifina yana kwance zazzaɓi ya rufe shi, leɓunansa sun bushe. Ta tsaya a kansa, ta ɗora tafinta a goshinsa, ta kira sunansa. Ranar na fara jin sunan a bakinta, kuma ban sake ji ba. Ya buɗe ido ya ce, "Inna, kanwar ta yi tsada?" Ashe yana jin duk abin da ake faɗa ta taga.

Allah Ya sa aka samu wata allura da ƙwayoyin ba su san ta ba. Kumburin ya tsaya, sannan ya fara sauka. An yanke ruɓaɓɓen nama mai yawa, har yau yana ɗingishi, amma ƙafarsa ce yake takawa. Kakata kuwa ta daina rabon magani. Idan mata suka zo takan ce, "Na rufe kemis," tana murmushi. Wasu sun fahimta, wasu suka ce tsufa ya sa mata rowa. Wannan maganar ta ci mata rai har ta bar duniya.

Yanzu ina jami'a, ilimin halittu nake karantawa. Na shuka ƙwayoyin nan da hannuna a faranti, na ga yadda suke ja da baya daga wani magani su bar fili fes, su kuma mamaye wani har su hau kansa. An koya mana cewa tun babu bishiya, babu kifi, babu tsuntsu, su suna nan a doron ƙasa, kuma kafin a yi sallar azahar a kira la'asar sun haifi jikoki da tattaɓa kunne. Yawancinsu ba su da ruwanmu, wasu ma su ke mayar da madara nono. Nakan yi tasbihi idan na leƙa su ta madubin ɗakin gwaji, nakan kuma ji tsoro, domin yanzu kowane lungu a garinmu akwai kemis, kuma ba mai tambayar takardar likita.

Kwanakin baya da na je hutu, maƙwabciyarmu ta shigo da ɗanta a kafaɗa, jikinsa zafi. Ta ce, "'Yar boko, ba ki da ragowar wani magani?" Ina da shi a jakata. Na dubi idonta, na san abin da za ta ɗauke ni idan na ce a'a. Na ce, "Yaya, ba ni yaron in goya, ɗauko mayafinki." Ta tsaya tana dubana, ba ta ji daɗi ba. Amma ta miƙo mini shi, muka kama hanyar asibiti.