Zinatu, Mai Cigiyar Injin da Bai Lalace Ba

Duk ranar Talata da hantsi Malama Zinatu Jafaru takan fito daga gidanta a Tudun Wada, ta bi shagunan masu gyara ɗaya bayan ɗaya har Kwangila. Ba ta kai musu gyaran komai. Tambayarta ɗaya ce: "Malam, me aka kawo maka makon nan wanda lafiyarsa ƙalau?"

Sana'arta rubuta bayanin yadda ake aiki da na'ura, da Hausa, boko da ajami. Ba ofis, ba ubangida. Takwarorinta na can suna aika saƙonni a intanet ko Allah zai kawo mai ba su aiki. Ita kuwa ta gano cewa injin da aka kai gyara alhali ba abin da ya same shi, mai shi ne bai gane kansa ba, kuma wanda ya ƙera shi yana buƙatar marubuci ko bai sani ba. Da farko dariya na yi mata, na ce wannan ai shan rana ne kawai. Yau kunya nake ji.

A haka ta tarar da injinan ƙyanƙyasar ƙwai har guda tara a jibge wurin wani mai gyara, duk ƙirar Malam Kailani na Tudun Jukun. Ƙwai sun ƙi fashewa, mata sun yi ta yaɗa cewa kayansa na banza ne. Saura ƙiris ya rufe shagon da ya shekara goma sha biyu yana ci da iyalinsa. Zinatu ta nemo shi.

"Malama, wallahi injina ba shi da laifi," in ji shi.

"Na sani. Ka gaya musu su daina juya ƙwan idan saura kwana uku su fashe, su kuma ƙara ruwa a injin?"

"Haba, ai kowa ya san wannan!"

"Kai ne kowa?"

Shafi ɗaya ta rubuta. Ta kai wa Inna Lauratu a Gyallesu, ɗaya daga cikin matan da suka yi asarar ƙwai, wadda ajami kaɗai take karantawa. Ta zauna tana sauraron karatun, duk inda Inna ta yi tuntuɓe sai ta sauya kalma. Sau uku tana sake shafin. Inna ta karɓo injinta ta sake zuba ƙwai, ta bi abin da aka rubuta. Bayan mako uku Inna ta ɗauko 'yan tsaki arba'in da shida a kwali, ta dire su a ƙofar Kailani tana guɗa. Ina wurin, na ga ƙaton maƙeri yana share ƙwalla.

Ke ce mai sa ƙarfe ya yi Hausa, Zinatu. Shekara goma sha biyar kina wannan aiki, sunanki bai taɓa fitowa a kan takarda ko ɗaya ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma matasan marubuta masu kukan babu aiki, ku ajiye waya ku taka ƙasa kamar yadda ta yi.

Jiya na bi ta shagon Malam Kailani. Ƙarar walda ta hana mu gaisawa, sai hannu ya ɗaga mini.