Ranar da Na Bi Kawu Janbako

A hutun shekarata ta biyu a jami'a, kawuna da ke sayar da taki a Talata Mafara ya gaji da layin gidan mai. Ya ce zai sayo mota mai caji daga Kano, ni kuma da ba na rabuwa da littafi in bincika masa wadda ta dace.

Iri biyu na samu. Ɗaya batir ne zalla, in ya ƙare sai an yi caji. Ɗayar tana da batir ƙarami da tankin fetur, in cajin ya ƙare injin ya karɓa. Na auna nisan Mafara zuwa Janbako, inda yake zuwa ran kasuwa, na ga mai batir zalla za ta je ta dawo. Ga sola a gidansa. Na rubuta masa haka a takarda, ya ninke ya sa aljihu, ya ce ranar Asabar zai aika a sayo.

Kafin Asabar na bi shi Janbako a tsohuwar motarsa, don in tabbatar da awona. Ba mu yi nisa ba ya karkata Morai yin ta'aziyya. Daga can wata tsohuwa ta roƙi a rage mata hanya, ragin ya kai mu har Bakura. A dawowa aka tare shi da mara lafiya, muka kai shi Maradun. Ina kallon lambobin nisan tafiya da ke gaban sitiyari, har suka haura ninkin abin da na rubuta, kuma duk inda muka bi ban ga wurin caji ba.

Ban taɓa janye magana a gaban babba ba. Sai da muka tsaya ƙofar gida na iya buɗe baki.

"Kawu, takardar nan akwai gyara."

"Malama da kanta? Mi ya faru?"

"Hanya na auna, ban sa gaisuwa da ragin hanya ba. Mai tankin za ka saya."

Ya yi dariya har da buga sitiyari. "To ɗiyata, wa zai ce ma mai gawa caji ya ƙare?"

Ya zaro takardar ya miƙo mini. Na soke layin ƙarshe a kan cinyata, na sake rubutawa, ya mayar aljihu.