Ƙarfe a Cikin Kwando

A unguwar maƙera ta Kazaure aka haifi Sabuwa. Waɗanda suka san ta tana goye sun ce ba ta barci sai mahaifinta ya fara ƙira. Da masaba ta sauka a kan uwar maƙera, sai idonta ya lumshe. Ran Juma'a kuwa, da ba a hura wuta, kuka take yini yi.

Aure ne ya kai ta Alƙahira. Malam Abdulbasit ya samu gurbin karatu a Azhar, ya taho da ita da tukwanenta da muciyarta, da niyyar in ya gama su koma. Ya gama ɗin, ya ɗora wani karatun, ya kuma ɗora wani, har wata shekara ciwo ya kwantar da shi, aka binne shi a ƙasar Masar. Dangi suka aiko ta dawo gida. Ta ce to. Har furfura ta cika kanta tana kan wannan to ɗin.

Ɗalibai Hausawa na unguwar Hayyus Sabi' sun san ƙofarta. Duk wanda kewar miyar kuka ta dama, can yake nufa, kuma Mama Sabuwa suke ce mata. In suka tambaye ta abin da ya riƙe ta a garin mutane, sai ta yi murmushi ta dubi titi. A makonta na farko a Alƙahira, tana kwance kewa ta hana ta sakat, ta ji ƙarfe yana dukan ƙarfe a ƙasan bene, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ta leƙa, sai ga mai sayar da gas a kan keke, ya ɗaure tukwanen gas a baya, yana buga su da sufana don matan saman bene su san ya iso. Haka suke tallarsu a can, ba sa wahalar da murya. Sabuwa ta koma ta kwanta, ta yi barcin da ba ta yi irinsa ba tun da ta sauka daga jirgi.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan, mutane suka yi ta kwararowa. A unguwar Arba'a wa Nus, wata malama 'yar Sudan mai suna Ustaza Eman ta kama gida a hawa na uku, ta jera benci, ta fara koya wa yaran da suka gudo karatu. Wata ƙungiyar agaji tana aiko da adas, ƙananan waken da ake miya da su a can, da madara da dabino, amma babu mai dafawa. Wani ɗalibi ya faɗa wa Sabuwa. Da safe dai aka gan ta ta sauko daga ƙaramar bas a ƙofar makarantar, ludayinta a cikin jaka.

Gwiwoyinta ba sa son bene, don haka ta ɗauki al'adar matan garin. Ta ɗaura wa kwando igiya, tana zura shi daga baranda, mai burodi ya zuba, mai tumatir ya zuba, ta janyo. In iska tana kaɗawa, kwandon yakan yi ta lilo tsakanin sama da ƙasa, ita kuma ta tsaya tana kallonsa kamar guga a rijiyar gidansu.

Cikin yaran akwai Shahd, 'yar siririya mai manyan idanu. Uwarta Tagwa Bahaushiya ce ta garin Wad Madani a Sudan. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama unguwa. Hausar Tagwa tana ƙamshin Larabci, kuma Inna take kiran Sabuwa. Shahd kuwa Habboba take ce mata, wato kaka.

Yarinyar tana son karatu. Takan riga kowa zuwa, ta share allo, ta zauna a gaba. Amma da hantsi ya ɗaga, Ammu Ragab mai gas yakan shigo layin yana buga sufanarsa. Da bugun farko Shahd take shigewa ƙarƙashin benci, ta toshe kunne, ta dunƙule. Ba ta kuka. Ba ta kuma fitowa sai an tashi, wani lokaci rigarta a jiƙe.

Ustaza Eman ta yi abin da take ganin shi ne tausayi. Kafin lokacin zuwansa sai ta rufe tagogi, ta ja murafun katako, ajin ya yi duhu. Ƙarar ta ragu, amma yarinyar ta fara shiga ƙarƙashin benci tun ana rufe tagar farko. A Madani ma haka ake rufe su in an fara harbi.

Wata Lahadi Tagwa ta tsaya a ƙofar kicin, tana murza bakin mayafinta.

"Inna, khalas, ya isa haka. Zan riƙa tafiya da ita gidajen da nake wanke-wanke. Ta zauna kusa da ni, ta riƙe mini bokiti."

"Karatun fa?"

"Wane karatu ake yi a ƙarƙashin benci? Kullum sai ta dawo mini kamar wadda aka tsamo daga kogi."

Sabuwa ta ci gaba da tsince adas. "Bar mini ita zuwa ƙarshen mako."

"Me za ki yi mata?"

"Ni ma ban sani ba tukuna. Ungo dabino."

A bas, kan hanyar komawa gida, ta jingina kai da gilashi. Gine-gine suna wucewa masu launin ƙasa, sai ta ga kamar hayaƙin maƙerar babanta ne ke tashi a tsakaninsu. Ta ga zuga-zugi yana numfashi. Ta ga wani ɗan maƙwabta da yakan ruga da gudu in tartsatsi ya tashi, ta kuma ga babanta, wanda bai taɓa ce wa yaro daina tsoro ba, ya kira shi, ya ɗora masa masaba mai sanyi a tafin hannu, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Sai da ɗan kwandasta ya taɓa kujerarta ta san an wuce tasharta.

Kashegari ta sauko benen da ƙafarta, tana hutawa a kowane hawa, ta tare Ammu Ragab a bakin layi.

"Ya Hagga," ya ce, yadda mutanen Masar ke cewa Hajiya, "ai jiya na kawo miki tukunya. Ko shan gas ɗin kuke yi?"

"Sufanarka nake so. Aro."

"Sufanata? Ki ce in ciro harshena in ba ki. Gobe kuma ki ce keken."

"Keken ya tsufa, kamar mai shi. Riƙe abinka."

Ya yi dariya har da tari. Ta nuna masa barandar, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa da Larabcinta da bai taɓa miƙewa ba. Dariyar ta tafi. Ya daɗe yana duban sufanar da ke hannunsa.

"Tamam, shi ke nan, ya Hagga," ya ce.

Da safe ta roƙi Ustaza Eman ta bar tagogi a buɗe. Da hantsi ya kusa, ta leƙa aji.

"Shahd, zo ki ja mini kwando. Hannun nan ya ƙi ni yau."

Suka tsaya a baranda. Rana ta kwanta a kan shanya, tattabaru suna kewaya wata hasumiya can nesa. Sai ga Ammu Ragab ya shigo layin yana tura keke, shiru, tukwanen suna ɗan gogar juna. Wata mata ta leƙo daga bene na ƙetare.

"Ragab! Lafiya? Ko mutuwa ka yi ba a faɗa mana ba?"

Ya ɗaga mata hannu kawai. Ya zo ƙarƙashin barandar, ya saka wani abu a kwando, ya girgiza igiyar. Shahd ta ja. Kwandon ya taho a hankali yana juyi, da nauyin da ba na burodi ba.

Sufana ce, tsohuwa, bakinta ya cinye, an naɗe mariƙinta da tsumma. Da ɗumin hannun mutum a jikinta.

"Mene ne wannan, Habboba?"

"Muryar Ammu Ragab ce. Kai mini ita kicin."

A kicin akwai tukunyar gas da ta ƙare, a jingine a lungu. Sabuwa ba ta nuna ta ba. Ta juya baya tana motsa adas. Tururi ya tashi, ya rufe gilashin taga. An jima, ta ji ɗan ƙwal, ƙarami kamar cokali ya taɓa kofi. Shiru ya biyo baya, mai tsawo. Sai wani ƙwal ɗin, ya ɗara na farko. Daga ƙasa Ammu Ragab ya amsa da zobensa a jikin tukunya, sau biyu. Shahd ta buga sau biyu. Ya ƙara, ta ƙara.

Da kanta ta mayar da sufanar kwando, ta zura. Ya karɓa, ya ɗaga kai ya dube ta, ya ɗaga hannu a hankali don ta gani, sannan ya buga. Kafaɗunta suka zabura. Amma igiya tana hannunta, kuma kwando bai gama hawowa ba, don haka ta tsaya ta janyo shi.

Ba a ce komai ya wuce ba. In iska ta buga ƙofa, ko yaran layi suka fasa abin wasan wuta da azumi, akan neme ta a ƙarƙashin benci. Sai dai yanzu takan fito da kanta, ta karkaɗe riga, ta tambayi inda aka tsaya. Ƙarshen mako ya zo ya wuce, Tagwa ba ta sake maganar bokiti ba.

Daga baya Ammu Ragab ya sako wata sufanar a kwando, ya ce ta ishe shi da nauyi. Makarantar da ba ta da ƙararrawa ta samu. Shahd ce ke buga tashi.

Wata Alhamis Tagwa ta gama aiki da wuri, ta hau ɗaukar 'yarta. Ta tarar an tashi, yara sun watse. A kicin Sabuwa tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, kanta a jikin bango, ludayi a cinyarta, tana barci. Shahd tana durƙushe a gaban tukunyar, tana bugawa a hankali, a hankali.

Tagwa ta buɗe baki za ta yi magana. Yarinyar ta girgiza mata kai.

"Yumma, in na daina farkawa take yi."

Tagwa ta ajiye jakarta, ta zauna a bakin ƙofa.