Hannayen Baba

Baba bai taɓa son hoto ba. Ba haramta shi ya yi ba, don ya sha tsayawa yana kallon namu na Sallah har da tsokana, amma da an juyo da kyamara wajensa sai ya tuna yana da aiki a bayan gida. Ɗan ƙaramin hotonsa na katin shaida kaɗai muke da shi, shi ma ruwa ya cinye shi wata damina da kogi ya shigo mana har ɗaki a Rafin Guza, kafin mu koma Unguwar Dosa. Da ya rasu sai muka wayi gari ba mu da abin nuna wa jikokinsa. Abin ya daɗe yana cina, har haushinsa na riƙa ji.

Sana'arsa wankin hula ce, ƙanena kuma ya gaje ta. Lokacin da ƙanen nawa ya kama sabon shago ya ce in nemo masa hoto mai kyau a intanet, wanda za a buga a allon ƙofa, tunda ni ce malamar makaranta, wai komai na sani. Ina zaune a tsakar gida bayan la'asar ina ta jan hotuna da yatsa, huluna a jere kan dungun itace, huluna a rana, sai na iso kan wani. Hannaye biyu ne kawai, ɗaya riƙe da kube jiƙaƙƙiya, ɗaya da buroshi, kumfa har wuyan hannu. Ƙaramin yatsan hagu a lanƙwashe yake. Tun Baba yana yaro sarƙar keke ta kama masa shi, kuma shi nake riƙewa in za mu tsallaka titi. Hannayen Baba ne. Na tashi na miƙa wa Inna wayar.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta yi masa addu'a.

Ƙanena bai ga wata matsala ba. Ya ce a sauke shi kawai, mai buga allo zai goge ɗan sunan da ke kusurwa, ai hannun ubanmu ne, wa ya fi mu iko da shi? Ni ma a raina haka na gani. Inna ce ta taka mana burki. Ta tambayi ko sunan wane ne wannan da za a goge, muka ce na wanda ya ɗauka ne. Ta ce to ba za a liƙa wa mamaci haƙƙin wani a ƙofar shago ba. Mutumin da ko hular da aka manta a wurinsa ba ya sa wa a kansa ranar Juma'a, sai ya yi ta ajiyarta har mai ita ya dawo, shi za a yi wa ado da abin da ba a roƙa ba? In mai hoton ya yarda, a buga. In bai yarda ba, ko a waya ba ta son a ajiye shi.

Nan hankalina ya tashi, don na san Inna. In mutumin nan ya yi shiru, ko ya ce a'a, hannayen ma sun tafi ke nan.

Sunan da ke kusurwar na Turanci ne, don haka na ɗauka wani Bature ne da ya taɓa ratsawa ta Kaduna. Na zauna na tsara masa Turanci mai maiƙo, irin wanda ko ɗalibaina ban taɓa yi wa ba, na gaya masa ko su wane ne mu da abin da muke so mu yi da hoton, na aika ta shafin da hoton yake. Kwanaki suka wuce ba amsa. Da amsar ta zo, da Hausa ta zo, har da ta'aziyya. Ya ce a Malali yake, nan Kaduna, kuma in ba damuwa yana so ya zo ya gaida Hajiya da kansa, akwai maganar da ba ta waya ba ce.

Dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, da farin gilashi da 'yar jakar fata. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Inna ta zauna daga bakin ƙofa. Maganar allo bai bari ta yi nisa ba. Ya ce a buga, zai ba mu babba mai kyau, a bar sunansa dai a kusurwa. Ƙanena ya sunkuyar da kai.

Sai ya buɗe jakar ya fito da fim, irin na da da ake kaiwa a wanke. Ya ce shekarun baya ya kai wa Baba huluna, ya same shi yana aiki yana dariya da wani maƙwabci, ya ɗauke shi ba tare da ya tambaya ba. Da Baba ya lura sai ya ce masa hannaye kam ya ɗauka ya kai duk inda yake so, amma fuska a'a. Shi kuma ya roƙi Baba, ya ce hoton zai yi kyau. Baba ya ce masa, cikin raha, fuskar ba shi kaɗai ke da ita ba, sai ya je ya tambayi mai ɗakinsa. Kafin ya sake komawa an yi masa canjin wurin aiki, da ya dawo kuma mun tashi daga unguwar.

"Hajiya, ban taɓa wanke shi a takarda ba," in ji shi. "Ko iyalina ba su gani ba. Izininki na zo nema."

Mu muka fita neman izini, ga shi mai hoton ya tako har zaurenmu yana neman na Inna. Ba wanda ya san da fim ɗin nan, ba wanda zai kama shi in ya buga, wanda ya yi wa alkawarin ma cikin wasa ya yi maganar. Har yau in na tuna sai in ji kwarjinin mutumin ya cika ni, tare da kunyar haushin da na riƙa ji na Baba.

Inna ta karɓi fim ɗin ta gefe-gefe kamar yadda ya nuna mata, ta ɗaga shi saitin hasken ƙofa. A irin wannan fim komai a juye yake, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Ni da na leƙa ta kafaɗarta ban gane komai ba sai inuwa. Ita kuwa nan take ta ce ga shi nan, har ya ture hularsa baya, haka yake yi in dariya ta ci ƙarfinsa. Ta gyara mayafi.

Ta ce ya wanke guda ɗaya, na ɗakinta, yara su zo su ga kakansu. Dattijon ya yi godiya, sannan a hankali ya tambaya ko zai iya sa shi a intanet kusa da na hannayen.

"A'a, Malam," ta ce. "Hannayen ka bar wa mutane, da su ya yi musu aiki. Wannan kuwa tunda ya ce a tambaye ni, nawa ne."